Yadda Ake Zaɓen Bishiyar Tuffa da Abokiyar Barbararta Kafin a Dasa a Lambu

A ƙarshen watan Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da tuffa ke huda a Ingila, akan ga bishiya a bayan gida ta lulluɓe da farin fure mai ratsin ja har rassanta ba sa ganuwa, amma idan aka dawo a watan Satumba sai a tarar 'ya'yan da ke kanta ba su cika kwano ba. Mai gida yakan ɗora laifin a kan ƙasa, ya ƙara taki, ya ƙara ban ruwa, shekara ta zagayo ba abin da ya sauya. Sau da yawa matsalar ta faro ne tun ranar saye, domin an ɗauko bishiya ɗaya tilo, alhali yawancin nau'o'in tuffa ba sa haihuwa da garin furen kansu. Don haka duk wanda ya samu ɗan fili a bayan gidansa a Landan ko wani gari na ƙasashen sanyi, ko yake da lambu a tudun Jos, ya kamata ya shiga wurin masu sayar da dashe da sunayen bishiyoyi biyu a hannunsa, waɗanda ya riga ya tabbatar sun dace da juna.

Bahaushe ya saba da dabino da gwanda, inda ake samun namiji daban, mace daban. Tuffa ba haka take ba, domin kowane furenta yana ɗauke da sashen namiji da na mace a wuri guda, sai dai bishiyar tana gane garin furen da ya fito daga jikinta, ta hana shi isa inda ƙwallo ke ƙulluwa. Dole sai ƙudan zuma ya ɗauko gari daga wani nau'in dabam ya kawo mata, kuma wannan shi ne barbarar da muke magana a kanta. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure na biyu: suna jin an ce a dasa biyu, sai su sayo biyu daga nau'i ɗaya, misali Gala biyu. Duk wata bishiyar Gala da ke duniya reshe ce da aka yanko daga uwa ɗaya aka yi mata aure a kan wani gindi, kamar yadda ake yi wa mangwaro mai aure, saboda haka Gala biyu a wajen barbara tamkar bishiya ɗaya ce da aka raba gida biyu. Haka kuma Gala da Royal Gala, tun da ta biyun reshe ne na ta farkon da launinsa ya ɗan sauya. Wannan dalilin ne ma ya sa ba na ba kowa shawarar shuka ƙwallon tuffar da ya saya a kasuwa, domin abin da zai tsiro sabon iri ne da ba wanda ya san halinsa, kuma mafi yawanci sai an shafe shekaru ana jira kafin a gane cewa 'ya'yansa ƙanana ne masu tsami.

Kafin a zo kan ɗanɗano, akwai tambayar sanyi. Asalin tuffa daga duwatsun Kazakistan ne, a yankin birnin Almati, kuma har yau tana riƙe da ɗabi'ar can: tana zubar da ganye ta yi barci, kuma ba ta farkawa da kyau sai ta tara wasu sa'o'i a cikin sanyin da ke tsakanin digiri 0 da 7 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin sanannun nau'o'i suna neman sa'o'i 800 zuwa sama da 1,000. A Ingila wannan ba abin damuwa ba ne, abin da ake dubawa a can shi ne tsawon lokacin ɗumi da yawan ruwan sama. Braeburn, wadda ta fito daga Niyu Zilan, da Granny Smith ta Ostireliya suna buƙatar doguwar rana kafin su nuna, don haka wanda ke arewacin Ingila ko Sukotlan zai sha wahala da su, ko da kuwa su ne ya fi so a shago.

Sannan a rarrabe tuffar ci da tuffar girki. Ta girki, irin su Bramley, babba ce mai tsananin tsami wadda ke narkewa idan an dafa. Ta ci kuwa ita ce ake tsinkowa a wanke a gatsa. An kiyasta nau'o'in tuffa a duniya sun haura 7,500, kuma a gandun Brogdale da ke lardin Kent na Ingila kaɗai an adana fiye da 2,000, amma shaguna ba sa sayar da abin da ya wuce kaɗan daga ciki, waɗanda aka zaɓa saboda suna jure doguwar tafiya. A ganina babu hikima mutum ya ba da ɗan filin da yake da shi ga abin da zai samu da araha a kowane shago. Idan da hali ya je bikin tuffa da ake yi a gonaki da lambuna a watan Oktoba, ya ɗanɗana da bakinsa kafin ya yanke shawara.

Cox's Orange Pippin ita ce sunan da ke fara zuwa bakin Turawan Ingila idan ana zancen daɗi, kuma ta cancanci sunanta, amma ba zan ba sabon shiga shawarar fara da ita ba. Tana saurin kamuwa da cutar da ke sa baƙin tabo a ganye da 'ya'ya, da wadda ke cin ɓawon reshe kamar gyambo, kuma ba ta son ƙasa mai sanyi da danshi. Wanda ke son irin ɗanɗanonta ya nemi 'ya'yanta da suka fi ta juriya, wato Sunset, wadda aka samu a Kent a 1918, ko Fiesta, wadda aka haɗa daga Cox da Idared a cibiyar bincike ta East Malling. Discovery, da ta fito daga lardin Essex a 1949, tana nuna tun watan Agusta, ja ce mai ruwa, kuma ba ta cika ciwo ba, sai dai ba ta ajiyuwa fiye da mako ɗaya ko biyu. James Grieve 'yar birnin Edinbura ce a Sukotlan, tana jure sanyin arewacin Birtaniya, tana kuma da yalwar garin fure, ko da yake jikinta na da laushi, da ta faɗo ta ƙuje. Egremont Russet kuwa ɓawonta ruwan ƙasa ne mai kaushi, ba ta da kyan gani, amma tana da garɗi da zaƙin da ba a samu a masu sheƙi, kuma tana kaiwa watan Disamba a ajiye. Lokacin nuna abu ne da ya kamata a yi lissafinsa da gaske, domin idan bishiyoyi biyu suka nuna a mako guda, gida zai cika da tuffar da ba a iya cinyewa, bayan wata ɗaya kuma a koma saye. Gara a haɗa mai nuna da wuri da mai ajiyuwa.

Rukunin huda

Ba kowace tuffa ce ke buɗe fure a rana ɗaya ba, kuma furen kowace bishiya bai cika wuce mako biyu ba, saboda haka nau'i biyu ba za su amfani juna ba sai hudarsu ta haɗu. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta kasa tuffa rukuni bakwai, daga rukuni na 1 mai fara huda zuwa na 7 mai zuwa a ƙarshe. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a zaɓi abokiya daga rukuni ɗaya, ko daga wanda ke gabansa, ko wanda ke bayansa. Bishiyar rukuni na 3 za ta yi da ta 2, da ta 3, da ta 4, amma ta 2 da ta 4 ba a dogara da su, domin kafin ta biyun ta buɗe, furen ta farkon ya fara zuba. Egremont Russet da Lord Lambourne suna rukuni na 2. Rukuni na 3 shi ne mafi yawan jama'a, a cikinsa akwai Cox da Discovery da James Grieve da Katy da Sunset da Fiesta da Spartan, shi ya sa wanda ya zaɓi bishiyarsa ta farko daga nan ba ya rasa abokiya. Gala da Golden Delicious da Ellison's Orange suna rukuni na 4. Masu jinkiri irin su Court Pendu Plat suna can rukuni na 6, kuma suna da amfani a kwarin da sanyi ke kwanciya, tun da furen tuffa yakan mutu idan sanyin dare ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili, amma samar musu abokiya ya fi wuya.

A lura cewa lokacin huda da lokacin nuna ba su da alaƙa. Discovery da Fiesta suna huda tare, amma tsakanin tsinkarsu akwai fiye da wata guda, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai ƙaramin lambu ke nema. Haka nan wasu masu sayar da dashe suna amfani da haruffa maimakon lambobi, wasu kuma lambobinsu sun ɗan saɓa da na RHS, don haka a duba bishiyoyin biyu a jadawali ɗaya, kada a ɗauki lambar wannan daga wani shago, ta waccan daga wani.

Akwai tarko biyu da haɗuwar huda ba ta warwarewa. Na farko shi ne nau'o'in da ƙwayoyin halittarsu ke da jeri uku na kuromosom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta) maimakon biyu, wato guda 51 maimakon 34 da aka saba, waɗanda akan sa musu harafin T a jikin takardar suna. Jonagold da Blenheim Orange da Ribston Pippin da Jupiter da Mutsu da Bramley duk suna cikinsu. Bishiyoyi ne masu ƙarfi da manyan 'ya'ya, amma garin furensu kusan ba shi da amfani, suna karɓa ba sa bayarwa. Wanda ya dasa Jonagold da Discovery kaɗai zai ga Jonagold ta yi 'ya'ya, Discovery kuwa ta tashi da kaɗan. Mai son irin waɗannan sai ya shirya wa bishiya uku, biyu su yi wa juna barbara su kuma yi wa ta ukun, ko kuma ya haɗa ta da wadda ke iya haihuwa ita kaɗai. Tarko na biyu shi ne kusancin jini, domin alamar da bishiya ke gane garin furenta da ita gadonta ake yi. Golden Delicious ba ta yi wa Jonagold ko Mutsu barbara, tun da ita ce ta haife su, haka kuma Cox da Kidd's Orange Red ba sa karɓar garin juna duk da suna rukuni ɗaya. Idan ka ga sunan nau'i ɗaya a cikin iyayen ɗayan, ka tambayi mai sayarwa kafin ka biya.

Ana sayar da wasu nau'o'i da sunan masu haihuwa su kaɗai, irin su Red Falstaff da Scrumptious da Greensleeves. Gaskiya ne suna ba da 'ya'ya ba tare da abokiya ba, kuma su ne mafita ga wanda ba shi da wurin bishiya ta biyu, amma su ma sun fi cika da kyan siffa idan akwai wata a kusa. Dalilin yana cikin tuffar kanta. Idan ka yanka ta a kwance za ka ga ɗakuna biyar, kowanne na iya ɗaukar ƙwallo biyu, kuma ƙwallayen ne ke sa naman da ke kewaye da su ya girma. Tuffar da ta fito a karkace, gefe ɗaya ya kumbura ɗayan ya shanye, in ka buɗe ta yawanci za ka tarar ɗakunan gefen da ya shanye babu ƙwallo, alamar barbara ba ta cika ba.

Idan aka tambaye ni haɗin da zan ba mai matsakaicin lambu a kudanci ko tsakiyar Ingila, zan ce Discovery da Fiesta, in kuma akwai wuri a ƙara Egremont Russet, sai a ci tuffar gida daga Agusta har bayan ƙarshen shekara. A arewacin Ingila kuwa zan sa James Grieve a madadin Discovery.

Gindin da aka yi auren a kansa

Sunan nau'i yana gaya maka ɗanɗano, amma girman bishiya gindi ne ke yanke shi, kuma lambarsa tana rubuce a takardar da ke rataye a jikin dashe. Harafin M yana nufin East Malling, inda aka tantance waɗannan gindaye tun farkon ƙarni na 20, MM kuma na waɗanda aka haɗa tare da cibiyar Merton domin su jure wata farar darɓa mai kama da auduga. M27 shi ne mafi ƙanƙanta, bishiyar ba ta wuce mita 1.8, ta dace da tukunya ko ƙasa mai kyau ƙwarai. M9 yana kaiwa wajen mita 2.4, yana fara haihuwa a shekara ta biyu ko ta uku, amma saiwarsa ba ta da ƙarfi, don haka shi da M27 suna buƙatar turke har ƙarshen rayuwarsu, ba sa kuma jure ciyawa a gindinsu. M26 yana kaiwa mita 3. MM106 yana kaiwa mita 4 ko fiye, yana haƙuri da ƙasa marar ƙarfi, sai dai gindinsa na ruɓewa a inda ruwa ke kwanciya. M25 na gona ne, kada a kawo shi bayan gida. Ga yawancin gidaje M26 ya fi dacewa, a bar tazarar mita 3 zuwa 3.5 tsakanin bishiyoyi. Yana da kyau abokan biyu su kasance a kan gindi iri ɗaya, don kada ɗaya ta yi wa ɗaya inuwa, kuma su fara huda a shekara guda.

Wanda filinsa bai kai haka ba yana da hanyoyi. Zai iya jera bishiyoyi masu kara ɗaya a jikin shinge, a karkace, da tazarar santimita 75, ta yadda nau'i uku ko huɗu za su shiga tsawon mita 3. Sai dai ya guji masu yin 'ya'ya a bakin reshe kamar Worcester Pearmain, domin datsewar da wannan tsari ke buƙata tana tafiya da furensu. Akwai kuma bishiyar da aka aura wa nau'i uku a gindi ɗaya, wadda ke warware matsalar barbara, amma tana son kulawa, don reshe mafi ƙarfi yakan danne sauran. Hanya ta uku ita ce ƙaramar tuffar ado mai 'ya'ya kamar magarya, irin su Evereste da Golden Hornet da John Downie, waɗanda hudarsu ke daɗewa har ta haɗu da rukunoni da dama. Manyan manoma ma suna dasa su a tsakanin layuka saboda haka. Kafin a kashe kuɗi, a leƙa lambunan maƙwabta a watan Mayu, domin a cikin gari sau da yawa abokiyar tana tsaye a bayan katanga. Ana so kada nisan ya wuce mita 18, ko da yake ƙudan zuma na tafiya fiye da haka. Ƙudan zuma na amya ba ya son fita idan gari ya yi sanyi ko iska na kaɗawa, manyan dangoginsa masu gashi su ne ke aiki a irin wannan rana, don haka a dasa a wurin da ke samun rana aƙalla sa'a shida kuma yake da kariya daga iska, kada kuma a fesa maganin ƙwari muddin fure na buɗe.

Mai lambu a tudun Jos

Duk jadawalin da ya gabata na ƙasashen sanyi ne. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sanyin hunturu bai kai abin da waɗannan nau'o'i ke nema ba. Inda ake da dama shi ne wurare masu tsayi kamar tudun Jos, da ke kimanin mita 1,200 sama da teku kuma ake noman tuffa a kansa, da tsaunin Mambila wanda ya fi shi tsayi. A can abin nema shi ne nau'o'in da ba sa buƙatar sanyi mai yawa. Anna, wadda aka samar a Isra'ila, tana wadatuwa da ƙasa da sa'o'i 300, kuma abokiyarta da aka sani ita ce Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas, domin suna huda tare. Anna da ba ta samu barbara ba tana fitar da 'ya'ya 'yan dogaye marasa ƙwallo sosai, kuma ko mai kyan ba ta daɗewa a zafi bayan an tsinke ta, don haka a ci ko a sayar da wuri. Tun da babu sanyin da zai zubar da ganye, manoman Batu a tsibirin Jaba na Indunusiya suna tsige ganyen da hannu 'yan makonni bayan girbi, su lanƙwasa rassa su kwanta, sai bishiya ta sake tohowa da fure, har su girbe sau biyu a shekara. Wanda zai bi wannan hanya ya tsige ganyen Anna da na Dorsett Golden a rana ɗaya, domin a nan hannunsa ne ke sa lokacin huda, kuma idan ya bar tazarar makonni tsakaninsu ya raba abokan da kansa.

A Ingila ana dasa dashen da aka tono ba ƙasa a saiwarsa ne daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da bishiya ke barci, kuma ya fi na tukunya araha da yawan zaɓi. A haƙa rami mai faɗi wanda zurfinsa bai wuce na saiwa ba, a bar gaɓar auren a sama da ƙasa da kamar faɗin tafin hannu, domin idan aka binne ta, saman zai yi saiwar kansa, bishiyar da aka saya don ta tsaya a mita 2 ta zarce rufin ɗaki. A shekarar farko a cire 'ya'yan da suka ƙullu don ƙarfin ya tafi ga saiwa da rassa. Daga baya, idan bishiya ta zubar da wasu ƙananan 'ya'ya da kanta a watan Yuni, a bi sauran a rage, a bar ɗaya ko biyu a kowane gungu da tazarar santimita 10 zuwa 15.

Wanda kuma ya riga ya gaji bishiya tilo da ke huda ba ta haihuwa, kada ya sare ta. A shekarar nan ya roƙi rassa masu fure daga wani nau'in, ya sa su a bokitin ruwa ya rataye a cikin bishiyar har furen ya zuba, ya kuma rubuta ranar da tasa ta buɗe da ranar da ta gama. Da waɗannan ranaku zai gane rukuninta, ya sayo abokiyar da ta dace a watan Nuwamba, ko ya sa wanda ya iya aure ya ɗaura mata reshen wani nau'in a watan Maris.